Yadda ake haɗa lokutan da suka shuɗe a Faransanci ba tare da harshe ya sarƙe ba

Akwai wurin da kusan duk mai koyon Faransanci yake cijewa. Ya haddace *passé composé*, ya haddace *imparfait*, in aka ba shi takardar cike gurbi zai cinye ta tas. Amma da zarar an ce masa ya ba da labarin abin da ya same shi jiya, sai ka ga ya tsaya a tsakiyar jimla yana lalube: *j'ai été* zan ce ko *j'étais*? Na daɗe ina ganin wannan cijewar, kuma abin da na fahimta shi ne ana koyar da kowane lokaci shi kaɗai a babinsa, alhali a bakin Bafaranshe tare suke tafiya, wani lokacin ma uku a jimla ɗaya. Abin da zan nuna maka a nan shi ne haɗin, tun daga tushe.

Ga ɗan labarin da za mu yi aiki da shi. Karanta shi sau biyu da ƙarfi, ko da ba ka gane komai ba tukuna:

*Hier soir, il pleuvait. J'attendais le train depuis vingt minutes quand mon téléphone a sonné. C'était ma sœur. Elle avait perdu ses clés et elle ne pouvait pas entrer chez elle. Je suis sorti de la gare, j'ai pris un taxi et je suis allé l'aider. Quand je suis arrivé, elle les avait déjà retrouvées : elles étaient dans la poche de son manteau.*

Da Hausa: jiya da dare ana ruwa. Na yi minti ashirin ina jiran jirgin ƙasa sai wayata ta yi ƙara. 'Yar'uwata ce. Ta yar da makullanta, ta rasa yadda za ta shiga gida. Na fita daga tasha, na hau tasi, na tafi in taimaka mata. Ko da na isa, ta riga ta gan su, ashe suna cikin aljihun kwat ɗinta.

Mataki na farko: saurari Hausarka kafin ka buɗe littafin nahawu

Mai jin Hausa yana da wata gata a wannan fanni wadda sau da yawa bai san yana da ita ba. Dubi wannan jimlar: ina barci sai wayata ta yi ƙara. Babu wanda ya taɓa koya maka cewa "ina barci" shimfiɗa ce, "sai ta yi ƙara" kuma shi ne abin da ya faɗo a kan shimfiɗar, amma ba za ka taɓa juya su ba. Ba za ka ce "na yi barci sai wayata tana ƙara" ba, kunnenka ba zai yarda ba. To, wannan bambancin da kunnenka ya sani shi ne dai bambancin *imparfait* da *passé composé*: *je dormais quand mon téléphone a sonné*.

Don haka riƙe wannan ma'auni na farko. Duk inda Hausa za ta ce ina, yana, suna, ko nakan, yakan, sukan, kuma maganar ta dā ce, *imparfait* kake nema. Duk inda za ta ce na yi, ya zo, ko ta jero sai ya tashi, sai ya fita, sai suka haɗu, *passé composé* ne. Inda kuma ta sako "riga", wato abu ya riga ya faru kafin wani abin, nan ne gidan *plus-que-parfait*.

Ma'aunin yana aiki a mafi yawan jimloli, amma akwai inda yake ba da kunya, kuma zan nuna maka wurin a mataki na shida. A yanzu dai ka ɗauki labarin sama, ka bi fassarar Hausar kalma bayan kalma, ka ga inda "ana" da "ina" da "suna" suka faɗo, da inda "sai" da "na" suka faɗo.

Mataki na biyu: siffofin su zauna a baki

Ba za ka iya zaɓe tsakanin abu biyu ba alhali kana faman tuna yadda ake gina kowannensu. *Imparfait* ba shi da wahala, minti goma ya ishe shi. Ɗauki siffar *nous* ta lokaci mai ci, ka yanke *-ons*, ka liƙa *-ais, -ais, -ait, -ions, -iez, -aient*. *Nous finissons* ya ba ka *je finissais*, *nous prenons* ya ba ka *je prenais*, *nous faisons* ya ba ka *je faisais*. Aikatau ɗaya tak ne ya saɓa wa wannan, shi ne *être*, wanda tushensa *ét-* ne: *j'étais, nous étions*. Sauran ƙananan abubuwan na rubutu ne: *je voyageais* amma *nous voyagions*, *je commençais* amma *nous commencions*, sannan *nous étudiions* da *i* biyu, ba kuskuren bugawa ba ne.

*Passé composé* shi ne mai cin lokaci, domin kalma biyu ce: mataimaki, wato *avoir* ko *être* a lokaci mai ci, sannan *participe passé*, wato siffar aikatau da ke bin mataimakin, kamar *sonné* a cikin *a sonné*. Masu ƙarewa da *-er* suna komawa *-é*, yawancin masu *-ir* suna komawa *-i*, irin su *vendre* da *attendre* kuma *-u*. Masu taurin kan su ne waɗanda aka fi amfani da su kullum, don haka babu makawa sai hadda: *eu, été, fait, dit, écrit, pris, mis, vu, lu, su, pu, dû, voulu, venu, connu, reçu, ouvert, né, mort*.

Yawancin aikatau *avoir* suke ɗauka. Masu ɗaukar *être* 'yan kaɗan ne, kuma kusan dukkansu na zirga-zirga ne ko sauyin hali. Ni na fi son a haddace su biyu-biyu, kowa da kishiyarsa: *aller* da *venir*, *arriver* da *partir*, *entrer* da *sortir*, *monter* da *descendre*, *naître* da *mourir*. Sai ragowar, *rester, tomber, retourner*, da 'ya'yan waɗancan kamar *revenir, devenir, rentrer*. A ƙara da duk aikatau mai *se* a gabansa: *je me suis levé, elle s'est assise*. Kada ka ce duk aikatau na motsi *être* ne, domin *marcher* da *courir* da *voyager* duk *avoir* suke bi. Sannan wasu daga cikin 'yan *être* ɗin suna sauya sheƙa idan suka sami karɓau kai tsaye: *je suis sorti*, na fita, amma *j'ai sorti la voiture*, na fitar da mota.

Idan waɗannan biyun suka zauna, *plus-que-parfait* kyauta ne. Mataimakin kawai za ka mayar *imparfait*: *j'ai perdu* ya zama *j'avais perdu*, *elle est partie* ya zama *elle était partie*.

Mataki na uku: fara da ƙashin bayan labari

Ɗauki takarda. Zaɓi wani abu da ya faru da kai a makon nan, ka rubuta abubuwan da suka auku kawai, ɗaya bayan ɗaya, duk a *passé composé*. Kada ka bayyana yanayi, kada ka ce komai game da yadda ka ji. A labarinmu ƙashin bayan shi ne: *mon téléphone a sonné, je suis sorti, j'ai pris un taxi, je suis allé l'aider, je suis arrivé*.

Gwajin da za ka yi wa kowace jimla shi ne tambayar da yaro ke yi wa mai ba shi labari: sai me ya faru? In jimlar ta amsa wannan tambayar, ta cancanci zama a jerin. "Waya ta yi ƙara" ta amsa. "Ana ruwa" ba ta amsa ba, domin mai sauraro zai ci gaba da jira, ya ce to, ana ruwa, sai me? Akwai gwaji na biyu mai sauƙi: gwada sauya wa jimlolin wuri. In ka sa hawan tasi kafin ƙarar waya, labarin ya lalace, domin kowane *passé composé* yana tura agogon labari gaba da taki ɗaya. Kalmomin da ke raka shi su ma masu turawa ne: *soudain, tout à coup, puis, ensuite, alors, un jour, enfin*.

Mataki na huɗu: shimfiɗa yanayi a ƙarƙashinsa

Yanzu koma kan jerin naka ka yi wata tambayar daban a kowane wuri: a lokacin yaya abin yake? Ƙarfe nawa ne, yaya gari yake, wa ke wurin, me kake cikin yi, me ke ranka? Duk amsoshin *imparfait* ne: *il était huit heures, il faisait froid, il y avait beaucoup de monde, j'étais fatigué, je pensais à mon travail*. Waɗannan kuwa za ka iya jujjuya su yadda ka ga dama, labarin ba zai girgiza ba, domin agogo a tsaye yake yayin da kake faɗinsu.

Haɗin yana da siga uku da ya kamata ka maimaita har su zama jiki. Ta farko, abu yana gudana sai wani ya katse shi: *je lisais quand il est entré*, ina karatu sai ya shigo. Ta biyu, abu biyu suna gudana kafaɗa da kafaɗa: *je lisais pendant qu'il écrivait*, ina karatu shi kuma yana rubutu. Ta uku, abu ya faru sai wani ya biyo: *quand il est entré, je me suis levé*, da ya shigo sai na miƙe.

Tsaya a kan waɗannan jimloli biyu, domin a nan ake gane wanda ya fahimta:

*Quand le professeur est entré, les élèves parlaient.*
*Quand le professeur est entré, les élèves ont parlé.*

A ta farko malami ya shigo ya tarar ɗalibai suna ta surutu. A ta biyu ajin shiru yake, shigowarsa ce ta sa suka yi magana. Duka biyun Faransanci ne mai kyau, babu kuskure a ko ɗaya. Abin da wannan ke nuna maka shi ne sau da yawa ba aikatau ne ke zaɓar lokaci ba, kai mai magana ne ke zaɓa gwargwadon abin da kake nufi. Wannan ya sa ba na son darussan da ke ba ɗalibi jerin aikatau a ce masa waɗannan na *imparfait* ne, waɗancan na *passé composé* ne. Kowane aikatau yana iya shiga kowanne.

*Imparfait* yana da aiki na biyu, wato sabo, abin da Hausa ke yi da "kan": *quand j'étais petit, je jouais dans la rue tous les soirs*, ina yaro nakan yi wasa a titi kowace yamma. Abokan tafiyarsa su ne *souvent, d'habitude, autrefois, chaque matin, le lundi*. Ka lura da kyawun haɗin idan sabo ya karye: *d'habitude je prenais le bus, mais ce jour-là j'ai marché*. Nakan hau bas, amma ran nan da ƙafa na tafi.

Mataki na biyar: cire tsawon lokaci daga lissafinka

A nan gizo ke saƙar. An faɗa wa ɗalibai da yawa cewa *imparfait* na dogon aiki ne, *passé composé* na gajere. Wannan bayanin ya ɓatar da mutane fiye da yadda ya shiryar da su. Na taɓa duba rubutun wata ɗaliba mai ƙwazo, shafi guda cur babu kuskuren rubutu ko ɗaya, amma ta rubuta *j'habitais à Lyon pendant trois ans*. Da na ja layi a ƙarƙashinsa ta ɗago kai da mamaki, ta ce ai shekara uku lokaci ne mai tsawo. Ta bi abin da aka koya mata ne sau da ƙafa, dokar ce gurguwa.

Sarkin Faransa Louis na 14 ya hau mulki a 1643, ya rasu a 1715, shekara 72 ke nan a kan karaga. Duk da haka Bafaranshe cewa zai yi *Louis XIV a régné pendant soixante-douze ans*. Yaƙin da ake kira na Shekara Ɗari tsakanin Faransa da Ingila ya kama daga 1337 zuwa 1453, kuma *elle a duré cent seize ans* ake cewa. Dalili shi ne an faɗi iyakar abin, an rufe shi ta gaba da ta baya, ana kallonsa daga waje kamar ƙunshi ɗaya. Amma in ka shiga cikin zamanin ka tsaya a tsakiya kana duba kewaye, sai lokaci ya sauya: *en 1700, Louis XIV régnait sur la France*. Sarki ɗaya, mulki ɗaya, inda ka tsaya ne ya bambanta.

Saboda haka duk inda ka ga an ƙayyade tsawon abu ko an ƙirga shi, *passé composé* ne: *pendant trois ans, de 2010 à 2015, toute la nuit, longtemps, trois fois, plusieurs fois*. *Il a plu toute la nuit*, an kwana ana ruwa. Ka ga a nan Hausa ta ce "ana", amma "an kwana" ne ya rufe ƙunshin, shi za ka bi. *Je l'ai appelé trois fois*, na kira shi sau uku, amma *je l'appelais tous les jours*, nakan kira shi kullum, domin ba a ƙirga ba.

*Depuis* kuwa kishiyar *pendant* ce a wannan wurin. Tana nuna abu ya fara kuma bai ƙare ba a lokacin da wani ya same shi, don haka *imparfait* take ja: *j'attendais depuis vingt minutes quand le téléphone a sonné*. Hausa ta ce "na yi minti ashirin ina jira", kuma wannan "na yi" yana iya jan hannunka zuwa *j'ai attendu*. Bi "ina jira". Ga jimlolin ɗalibar nan bayan gyara, ka ajiye su kusa da juna a littafinka: *j'ai habité à Lyon pendant trois ans*, na zauna na tashi, *j'habitais à Lyon depuis trois ans quand ma fille est née*, ina can har lokacin.

Mataki na shida: inda Hausa za ta yaudare ka

Hausa tana faɗin wasu halaye da sigar abin da ya kammala. Muna cewa na sani, na gaji, na gane, ya tsufa, na ƙoshi, ya dace, alhali hali muke bayyanawa, ba aukuwa ba. Wanda ya ɗauki ma'aunin mataki na farko ido rufe zai fassara "na san gaskiya a lokacin" da *j'ai su la vérité*, kuma ya faɗi wani abu daban da abin da yake nufi. Hali a Faransanci *imparfait* yake so: *je savais, j'étais fatigué, il était vieux*.

Idan kuma ka sa irin waɗannan aikatau a *passé composé*, ma'anarsu tana karkata zuwa lokacin da halin ya fara, ko sakamakonsa. Wannan ya cancanci a zauna a kansa.

*Je savais la vérité*, dā ma na san gaskiya. *J'ai su la vérité hier*, jiya na gano gaskiya. *Je le connaissais*, na san shi tun dā. *Je l'ai connu à l'université*, a jami'a muka fara sanin juna. *J'avais peur*, ina cikin tsoro. *J'ai eu peur*, gabana ya faɗi, na tsorata nan take.

*Pouvoir* da *vouloir* da *devoir* sun fi kowa wannan hali. *Je pouvais partir* yana nufin ina da damar tafiya, bai ce na tafi ko ban tafi ba. *J'ai pu partir* yana nufin na samu na tafi. *Il ne voulait pas venir*, ba ya son zuwa, mai yiwuwa daga baya ya zo. *Il n'a pas voulu venir*, ya ƙi zuwa, magana ta ƙare. *Je devais partir à huit heures*, da ƙarfe takwas ya kamata in tafi, kuma mai sauraro yana jiran ya ji abin da ya hana. *J'ai dû partir à huit heures*, dole ta sa na tafi. Wannan *a dû* ɗin yana da wata ma'anar ta zato, kamar a *il a dû oublier*, wataƙila mantawa ya yi, kuma mahallin magana ne ke rarrabe su.

Koma labarinmu. *Elle ne pouvait pas entrer*: tana tsaye a ƙofa, matsalar tana nan, shi ya sa ta kira. Da an ce *elle n'a pas pu entrer*, da an rufe zancen, ta gwada ta kasa.

Mataki na bakwai: waiwaye da *plus-que-parfait*

Labari ba ya tafiya a miƙe kullum. Kana tsakiyar bayarwa sai ka buƙaci komawa baya don ka bayyana dalili. Yar da makullan ya faru kafin ƙarar waya, amma bayanta aka ambace shi, don haka *elle avait perdu ses clés*. In ka jero abubuwa yadda suka faru, ba ka buƙatarsa: *elle a perdu ses clés, puis elle m'a appelé*. In ka karya jerin ka waiwaya, ya zama dole: *elle m'a appelé parce qu'elle avait perdu ses clés*.

Hausa ba ta cika tilasta wannan ba. Mukan ce ta kira ni saboda ta yar da makullanta, hankali ya cike sauran. Faransanci yana so a nuna, kuma rashin nunawar na iya sauya labari. *Quand je suis arrivé, elle est partie*: isowata ke da wuya ta tafi, mun ga juna. *Quand je suis arrivé, elle était partie*: ko da na isa ta riga ta tafi, ban same ta ba. Dabarar da nake ba ɗalibai ita ce su gwada cusa "riga" ko "tun kafin nan" a jimlar Hausa. In ta shiga ba tare da ma'ana ta lalace ba, *plus-que-parfait* ne. Wuraren da ya fi ɓullowa su ne bayan *parce que*, bayan *que* da *qui* masu bayani kamar *le livre que tu m'avais prêté*, da kuma tare da *déjà* ko *ne... jamais* ko *pas encore*.

Akwai ƙananan siga biyu da ke ƙara wa labari armashi, kuma ba su da wuyar koyo. *Je venais de sortir quand il a appelé*, fitata ke nan ya kira. *J'allais sortir quand il a appelé*, ina shirin fita ya kira. A wannan aikin *venir de* da *aller* a *imparfait* suke tsayawa, ba a sa su a *passé composé*.

Mataki na takwas: in kana ruwaito maganar wani

Da zarar ka fara da *il a dit que*, lokutan da ke ciki suna ja da baya taki ɗaya. Wanda ya ce *je suis malade* za a ruwaito shi da *il a dit qu'il était malade*. Wanda ya ce *j'ai fini* ya zama *il a dit qu'il avait fini*. Wanda ya ce *je viendrai* ya zama *il a dit qu'il viendrait*. Haka yake bayan *j'ai cru que, je pensais que, elle m'a demandé si*. A Hausa ba ma ja da baya, "ya ce ba shi da lafiya" muke cewa kamar yadda ya faɗa, don haka wannan sai da gangan za ka saba da shi.

Za ka kuma ci karo da waɗannan lokutan bayan *si* inda ba labarin baya suke bayarwa ba: *si j'avais le temps, je viendrais*, da ina da lokaci da na zo, *si j'avais su, je serais venu*, da na sani da na zo. Ka san da su, amma ka bar su sai sauran sun zauna.

Mataki na tara: daidaita *participe passé* a rubutu

Wannan aikin biro ne fiye da na baki, kuma shawarata ita ce kada ka bar shi ya tsayar da kai yayin magana. Tare da *être*, *participe* yana bin aikau a jinsi da adadi: *il est parti, elle est partie, elles sont parties*. Tare da *avoir* ba ya bin aikau ko kaɗan, sai dai ya bi karɓau na kai tsaye in ya riga shi zuwa a jimla: *elle a retrouvé les clés*, amma *elle les a retrouvées*, da *les clés qu'elle a retrouvées*. Ana danganta kafuwar wannan doka ga mawaƙin Faransa Clément Marot a ƙarni na 16, wanda ya ɗauko ta daga tsarin Italiyanci, kuma har yau tana kayar da Faransawa su kansu a rubutu. Masu *se* suna bin wannan hanyar ta karɓau: *elle s'est lavée*, amma *elle s'est lavé les mains*, domin karɓau, wato hannuwan, a baya ya zo. Yawancin waɗannan ƙarin ba a jin su a furuci, sai a irin su *écrite, prise, mise, faite, ouverte*, inda baƙin ƙarshe ke fitowa.

Mataki na goma: kunne, karatu da aikin kullum

*Je parlais, tu parlais, il parlait, ils parlaient* duk furucinsu ɗaya ne a ƙarshe. Tsakanin *parlé* da *parlais* kuwa akwai ɗan bambancin wasali, na farko a matse, na biyu a buɗe, amma Faransawa da yawa ba sa rarrabe su sosai. Don haka kada ka kafa kunnenka a ƙarshen kalma, kafa shi a gabanta. *Je parlais* da *j'ai parlé*, *il jouait* da *il a joué*: ɗan mataimakin nan ne ke gaya maka komai. Samu gajeren rahoton rediyo ko hira ta minti ɗaya, ka saurara sau uku, kana ɗaga yatsa duk inda ka ji *a, ont, est, sont* kafin aikatau.

Idan ka fara karanta littattafan labari ko na tarihi, za ka gamu da wasu siffofi baƙi: *il parla, ils parlèrent, il fut, il eut, il fit, il vint*. *Passé simple* ke nan. Aikinsa shi ne na *passé composé* a ƙashin bayan labari, kuma yana haɗuwa da *imparfait* da *plus-que-parfait* daidai yadda ka koya a sama. *Napoléon naquit à Ajaccio en 1769 et mourut à Sainte-Hélène en 1821* a littafi, amma a baki *il est né* da *il est mort* za a ce. Ka koyi gane shi, musamman siffofin *il* da *ils*, ba sai ka yi magana da shi ba.

Aikin da na ga ya fi amfani shi ne wannan. Kowace yamma rubuta jimla shida game da ranarka, da sharaɗin a samu *imparfait* biyu, *passé composé* uku, *plus-que-parfait* ɗaya. Samu biro kala uku ka ja layi a ƙarƙashin kowane lokaci da kalarsa. In shafin ya fito kala ɗaya daga sama har ƙasa, jeri ka rubuta, koma ka ƙara shimfiɗa da waiwaye. Sannan rufe littafin ka faɗi labarin da baki kana ɗauka a waya, ka saurara washegari. Sau ɗaya a mako ɗauko sakin layi daga jarida ko littafi, ka kwafe shi kana mayar da kowane aikatau siffarsa ta asali, *pleuvoir, attendre, sonner*, ka ajiye kwana biyu, ka dawo ka cike da kanka, ka gwada da na ainihi. Inda kuka saɓa, kada ka yi saurin cewa ka yi kuskure. Fassara jimlar taka da ta marubucin zuwa Hausa, ka ga ko labari ɗaya kuke bayarwa.

Ga na gwaji ka fara da shi yau: *Ce matin, je (être) en retard parce que je (oublier) de mettre mon réveil. Je (courir) jusqu'à l'arrêt, mais le bus (partir) déjà. Il (faire) beau, alors je (décider) de marcher.* Cike shi kafin ka duba amsa. Amsar ita ce *j'étais*, *j'avais oublié*, *j'ai couru*, *était déjà parti*, *faisait*, *j'ai décidé*. In ka sa *j'ai été en retard* a ta farko, ita ma jimla ce mai kyau, sai dai ta riga ta yanke hukuncin cewa ka makara a ƙarshe, alhali *j'étais en retard* tana ajiye mai sauraro tare da kai a cikin ɗaki, kana neman takalminka kana duba agogo.